Gani Ya Kori Ji

A wannan watan ba darasi na zo miki da shi ba, hira ce kawai irin ta tsakar gida, a kan wani ɗan abu da ya faru da ni a aji, wanda kuma ya fama mini wani miki da na daɗe ina rufewa.

Muna shirin walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar da nake koyarwa, sai aka ɗora mini nauyin shirya 'yan matan da za su rera ƙasidar yabon Manzon Allah (SAW) a ranar. Su 12 ne, 'yan shekara 10 zuwa 13. Don mu rage wa kanmu wahala na tambaye su ko akwai wadda suka riga suka iya, suka ce akwai, kowa ta iya ta, a wayar iyayensu suke kallonta. Ki riƙe wannan kalmar, domin ni a lokacin ban lura da ita ba. Kallonta suka ce suna yi, ba su ce jin ta suke yi ba.

Na jera su a gaban allo suka fara. Muryoyi dai ma sha Allah, babu abin kushewa. Amma da suka iso wani baiti sai na ga dukansu sun ɗaga hannun dama a tare, sun buɗe tafin, sun karkatar da kai gefe guda sun lumshe ido, alhali ni ban koya musu haka ba. Can gaba kaɗan sai wata daga cikinsu ta kai hannu ta dafe gefen hijabinta kamar mai kare shi daga iska. Ajinmu kuwa taga biyu gare shi, ranar ko ganye ba ya motsi, zufa kawai muke sharcewa. Na tsayar da su na ce, "Ke, wace iska ce take damun ki?" Ta sunkuyar da kai tana dariya ta ce, "Malama, ai haka ake yi a wurin. A bidiyon iska tana kaɗa masu amshin."

Sai na ce to, wa za ta faɗa mini ma'anar baitin da kuka ɗaga wa hannu? Baitin na Larabci ne, kuma kalmominsa ba su fi ƙarfin abin da muka yi a darasi ba. Aka yi tsit, kowa tana kallon yatsun ƙafarta. Na sauya tambaya, na ce wane irin kaya mai ƙasidar ya sa? Kafin in rufe baki ajin ya ɗauka gaba ɗaya: farar jallabiya, a cikin rairayi yake tafiya, a amshi na biyu raƙumi yake wucewa ta bayansa, daga ƙarshe kuma a nuna koren ƙubba. Har gardama ta so ta kaure kan raƙumin guda ɗaya ne ko biyu.

Na buɗe baki zan yi faɗa, irin faɗan nan namu da muka saba, 'ya'yan zamani, waya ta gama da ku, sai wani abu ya riƙe mini harshe. Na tuna ni ma fa an yi wannan da ni, kuma tun kafin waya ta shigo gidajenmu.

A Zariya na tashi. Inna, Allah Ya jiƙanta da rahama, tana da wata baƙar rikoda mai haɗe da rediyo, mai cin batir huɗu, murfin wurin batirin ya karye an ɗaure shi da roba. Mazauninta kan tagar ɗakin girki, duk ta yi baƙi da hayaƙi. Daga wannan tagar muka san duk wata waƙa da muka sani a yarinta, ko dai daga Rediyon Kaduna ko daga 'yan kaset ɗin da Inna take ajiyewa a cikin wata tsohuwar kwallar madara. Abin da nake so ki gane shi ne, a gidanmu ba a zama don waƙa. Waƙa abokiyar aiki ce. Inna tana tankaɗe, Yaya tana yankan kuɓewa, ni ina tsintar shinkafa a faifai, rikoda tana can tana yin nata. Idonmu yana kan aiki, kunne ne kaɗai ke wurin waƙa, shi ya sa kalma ba ta wuce mu. Inna takan tsaya da rariya a hannu ta ce, "Kun ji abin da ya faɗa kuwa?" sai ta maimaita maganar ta fassara mana habaicin da ke ciki.

Da yake ba mu ga komai ba, kowa sai ta ƙera nata hoton. Ni a raina Alhaji Mamman Shata wani ƙato ne wanda in ya shigo zaurenmu sai ya sunkuya, saboda yadda muryarsa take cika gidan. Yaya kuwa ta rantse siriri ne mai dogon wuya. Mun sha yin musu a kan mutumin da babu wadda ta taɓa ganinsa a cikinmu. In aka sa Barmani Choge kuwa, ni ƙarar ƙwarya kawai nake ji, amma Inna sai fuskarta ta sauya, domin ta halarci amada a bukukuwan ƙuruciyarta, mata zalla a cikin gida, an kifa ƙorai a kan ruwa ana kaɗawa. Ita waƙar bikin ƙawayenta take nuna mata, da waɗanda suka rasu da waɗanda aure ya kai nesa. Waƙa ɗaya ce take fitowa daga taga, amma mu uku a tsakar gida kowa da abin da take gani, kuma babu wadda aka ce nata ba daidai ba ne.

Akwai kaset ɗin da ba a taɓa shi sai da azumi. Wani mutum ne yake rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, babu kiɗa ko kaɗan, murya ce tsura. Da la'asar, lokacin da ake haɗa kayan buɗa-baki, Inna take sa shi. Wannan waƙar ta nuna mini duniya da ruɗinta, da kabari da hisabi, ta nuna mini Madina tun ban san inda take a taswira ba. Sai da na girma na san cewa shi Aliyu Namangi makaho ne. Ki duba ikon Allah, mutumin da ba ya gani shi ne ya cika mana ido da hotuna, kuma da kalmomi kawai ya yi.

Shata ya rasu a 1999, ina 'yar shekara 10. A daidai wannan tsakanin ne fim ɗin Sangaya ya fito, na Ali Nuhu da Fati Muhammad. Finafinan Hausa na bidiyo sun riga sun fara tun 1990 da Turmin Danya a Kano, amma a unguwarmu Sangaya ce ta sauya komai. Gida ɗaya ne mai bidiyo a layinmu, in an kawo wuta sai ki ga yara sun yi can kamar an buga ƙararrawa. Na roƙi Inna har ta gaji ta bar ni na bi Yaya. Waƙar fim ɗin na riga na ji ta a bakin 'yan talla da shagon mai kaset, ina da ɗan hoton da na yi mata a raina. Ranar da na gan ta a talabijin, nawa hoton ya tafi, kuma wallahi yau ko za a yanka ni ba zan iya tuna yadda yake ba. Abin da ya rage shi ne rawar, da kayan da aka sa, da yadda ake juya hannu. Washegari a makaranta babu mai zancen abin da waƙar ta ce, kowa takun rawar take gwadawa a bayan aji. Da sallah ta matso kuwa teloli suka sha fama da 'yan mata masu son ɗinki irin na fim.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, suna nufin abin da ido ya tabbatar ya fi labari. Ni dai tun daga lokacin nake fahimtar karin maganar a zahirinta. Gani yana zuwa ne ya kori ji daga mazauninsa ya zauna.

Wani abin da ya girgiza ni daga baya shi ne da na gane cewa 'yar wasan da nake gani tana motsa baki ba ita ce take waƙar ba. Wasu ne daban suke shiga situdiyo su rera a kan kiɗan fiyano, ita kuwa ta hau kai a gaban kyamara. Haka ma finafinan Indiya da muka taso muka tarar ana kallo, murya ɗaya irin ta Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta yi wa 'yan wasa barkatai waƙa tsawon shekaru masu yawa, kowace fuska ta zo ta ari muryar ta wuce. Na ji haushi kamar an yaudare ni. Amma abin mamaki, sanin gaskiyar bai gyara komai ba. Har yau in na ji waƙar, fuskar wadda ba ta rera ba ce take zuwa mini, ita kuwa mai muryar ko a hanya muka haɗu ba zan gane ta ba.

Bari in ba ki labarin da ya fi tsaya mini a rai a wannan babin. A shekarun 1990 masu bege da bandiri, musamman a Kano, sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora yabon Annabi (SAW) a kai da Hausa, har akwai ƙungiyar da ake kira Ushaƙu Indiya. Niyyarsu, kamar yadda ake faɗa, ita ce su janye matasa daga waƙar soyayyar banza zuwa ga son Ma'aiki. Wani ɗan'uwanmu ya kawo wa Inna irin wannan kaset ɗin tsaraba. Wata rana da yamma muna kan tabarma ɗaya, Inna da Yaya da ni, aka sa shi. Inna ba ta taɓa kallon fim ɗin Indiya ba a rayuwarta. Na ga ta ajiye abin da ke hannunta, tana salati a hankali, hawaye yana bin kuncinta. Na waiga wurin Yaya sai na ga ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa, dariya take dannewa. Inna ta ce, "Ke lafiyarki? Yabon Ma'aiki ake yi kina dariya?" Yaya ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Da dare take faɗa mini cewa ta san fim ɗin da aka ɗauko karin, kuma duk lokacin da mai begen ya ja murya, ita saurayi da budurwa take gani suna zagaye bishiya a kan dutse. Ta ce, "Na yi ta istigfari a zuciyata, amma sun ƙi tafiya." Kunnuwansu abu ɗaya suka ji a kan tabarma ɗaya, Inna ta tafi Madina, Yaya kuwa idonta ya riga ya sayar da ita ga wani wuri tun kafin a kunna rikodar.

Da na shiga kwalejin ilimi, a darasin sanin halayyar ɗalibai, na gamu da abin da ya nuna mini cewa wannan ba raunin imanin Yaya ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwar ɗan Adam. A 1976 wasu masu bincike biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka ɗauki muryar da take cewa "ba", suka ɗora a kan hoton bakin da yake furta "ga". Yawancin manyan da aka nuna wa sai suka ce "da" suka ji, sautin da babu wanda ya furta shi. In mutum ya rufe ido sai ya ji "ba" sarai, in ya buɗe sai ta sake rikiɗewa, kuma ko an bayyana masa dabarar ba ta daina aiki a kansa. Wato ido ba tsayawa yake yi a gefe yana kallo ba, hannu yake sawa a cikin abin da kunne ya kawo ya sauya shi kafin ya isa gare ki. A 2013 kuma wata mai bincike, Chia-Jung Tsay, wadda ita kanta gwanar kaɗa fiyano ce, ta nuna wa mutane gajerun ɓangarori na waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a manyan gasannin kiɗan Turawa, ta ce su canki wanda ya yi nasara. Waɗanda aka ba su hoto babu sauti sun fi cankar daidai a kan waɗanda aka ba su sauti babu hoto, har da ƙwararrun makaɗa a cikinsu. Gasar kiɗa ce fa, amma ashe alƙalan ma da ido suke yanke rabin hukuncin.

Kada ki ɗauka ina cewa ido abokin gaba ne. Ni malamar tajwidi ce, in na faɗi haka na ci amanar sana'ata. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ya fi ƙarfin a haɗa shi da ita, amma a wurin koyar da shi na fi sanin darajar ido ga kunne. Malamanmu sun ce karatu baki da baki ake karɓarsa, ɗaliba ta zauna gaban malama tana kallon leɓɓanta da inda harshenta yake sauka. Yarinyar da ta kasa raba wasu haruffa da kunne, in na ce ta kalli bakina sau uku sai ki ga ta kama. Akwai ma hukuncin da ake kira ishmami, wanda ake tattara leɓɓa kamar za a yi rufu'a ba tare da an fitar da sautinta ba, kamar wanda yake a aya ta 11 ta Suratu Yusuf. Malaman tajwidi sun ce mai gani ne yake riskarsa, makaho ba ya riskarsa, domin babu abin da kunne zai kama. Ina da ɗaliba mai ƙarancin ji, a layin gaba nake zaunar da ita, rabin karatunta daga bakina take ɗauka da ido.

Haka ma a waƙa. Na daɗe ina jin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ina zaton wani babban abin kiɗa ne a hannunsa. Ranar da na ga tsohon hotonsa na bidiyo, na ga kuntigin ɗan mitsitsi ne mai tsirkiya ɗaya tal, sai mamakina ya ƙaru, na koma na saurare shi da sabon kunne. Irin wannan ganin ƙara wa ji ƙarfi yake yi, domin yana nuna miki inda sautin yake fitowa, da hannun da yake yin sa, da wahalar da aka sha. Wanda nake kuka da shi daban ne, shi ne hoton da wani ya zaɓo daga wani wuri ya liƙa a kan waƙa, mota ko lambu ko rairayi da raƙumi, ya ce miki ga abin da za ki gani duk lokacin da kika ji wannan sautin. Kuma ba ya neman izininki, ba ya fita in kin ce ya fita.

Ban shigo batun hukuncin kiɗa ba, wannan malamai sun yi maganarsu, kowa ta bi abin da ta karanta a gaban malaminta. Amma ki lura da wani abu. Ko lokacin da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, yawancin ƙorafin da iyayenmu suke yi a kan rawa ne da sutura da cuɗanyar maza da mata, wato abin da ido yake gani. Mu kuma iyayen yau sai muka ɗauka in dai hoton mai tsabta ne, jallabiya ce da hijabi da masallaci, to shi ke nan an tsira. Ɗalibaina 12 sun nuna mini cewa hoto mai tsabta ma yana iya cinye ma'ana ƙurmus. Ga shi yanzu a TikTok ba a ma jin waƙa daga farko zuwa ƙarshe, gutsure ake yi na 'yan daƙiƙoƙi, wurin da ya dace da motsin hannu, shi za a yi ta maimaitawa. Yarinya ta iya amshi kamar ruwa, ba ta san akwai baitoci a gabansa da bayansa ba.

Yanzu bari in zo kan mikin da na ce miki.

Inna ta rasu a 2021 bayan jinyar watanni. Ita mace ce da ba ta son hoto, da lafiyarta in ka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce a bar ta. Sai da ciwo ya kwantar da ita muka fara ɗaukarta, kowa yana jin tsoron abin da ba ya iya faɗa, ita kuma ba ta da ƙarfin hanawa. Saboda haka kusan duk hotunanta da muke da su na ƙarshen ne, ta rame, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Bayan rasuwar da 'yan makonni, ƙanena, da kyakkyawar zuciya, ya tattara hotunan nan ya haɗa ɗan bidiyo na minti 3 ya turo zauren WhatsApp na danginmu don a yi mata addu'a. Ya san abin da Inna take so, don haka sai ya ɗora Imfiraji a ƙarƙashin hotunan.

Sau ɗaya na kalla. Sau ɗaya tak, da dare, ina zaune a bakin gado. Na yi kuka na yi mata addu'a na goge shi daga wayata. Da azumi ya zagayo, ranar farko da la'asar ina haɗa kunu, na nemo Imfiraji na kunna don in ji Inna kusa da ni kamar yadda na saba. Shekara 20 da ɗoriya, duk inda na ji waƙar nan Inna nake gani a tsaye gaban murhu, zaninta ɗaure a ƙirji, damtsenta cike da ƙarfi, tana tuƙa tuwo tana bin baitocin a hankali. Ranar sai na ga gadon asibiti. Na kashe na sake kunnawa, gadon asibiti. Na rufe ido na kira ɗakin girkinmu da ƙarfin tsiya, da tagar da baƙar rikodar, su zo na ɗan lokaci, da mai rerawar ya ja murya sai hotunan ƙanena su dawo ɗaya bayan ɗaya, a jeren da ya jera su, har da yadda kowane yake narkewa ya shiga na gaba. Minti 3 suka ture shekara 20. A nan na fahimci Yaya da istigfarinta a kan tabarma.

Ban taɓa faɗa wa ƙanena ba, kuma ban riƙe shi da komai ba, abin da ya yi so ne ya sa shi. In wannan mujallar ta shiga hannun matarsa ta karanta masa, to ya yi haƙuri, ba ƙararsa na kawo ba. Amma tun daga lokacin, in aka turo mini irin wannan bidiyon na wani mamaci da ƙasida a ƙarƙashi, kife wayar nake yi in saurara in yi addu'a, ba na kallo.

To wannan ne ya riƙe mini harshe a gaban ɗalibaina. Maimakon faɗa, washegari na zo da wayata da ƙwarya da faifai. Na kunna ƙasidar na jefa wayar a ƙwarya na rufe. Suka yi ta dariya, wata ta ce, "Malama, ai ba fura ba ce." Na ce kowa ta kwantar da kai a kan benci ta saurara. Minti biyu ba a yi ba wasu suka fara mutsu-mutsu, ɗaya ma barci ya ɗauke ta, ba zan ɓoye miki ba. Muka rubuta baitocin a allo, muka bi su kalma-kalma, muka gano cewa baitin da suke ɗaga wa hannu suna murmushi, mai ƙasidar kuka yake yi a cikinsa kan nisansa da Madina da yawan zunubinsa. Aka yi shiru na gaske a karon farko. Mun yi mako biyu a haka. Wata rana na tambaye su abin da suke gani in sun rufe ido. Ɗaya ta ce kakarta take gani ranar da ta dawo daga Hajji tana ba su labarin Rauda tana kuka. Wata ta ce ita ba ta ganin komai, duhu kawai, amma ƙirjinta yana yin nauyi. Ita kuwa mai dafe hijabi ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, ni har yanzu raƙumin nake gani." Na ce mata babu komai, na san yadda abin yake.

Ranar walima suka rera, iyaye suka yi ta kabbara. Da aka iso baitin nan, ina tsaye a gefe ina ƙirgawa, hannu biyar ne suka tashi, sauran bakwai suka tsaya a inda suke. Ɗaya daga cikin masu ɗagawar ta tuna a tsakiyar hanya, ta mayar da hannun ta kama gefen rigarta.

A gida kuma ina da 'yar shekara 6, wadda ta buɗe ido ta tarar da waya a hannun kowa. Kwanan baya ina girki na kunna Imfiraji na kife wayar a kan taga. Ta zo ta ɗauka ta juya ta, ta ga baƙin gilashi, ta ce, "Umma, ta lalace, babu hoto." Na ce, "Ba ta lalace ba, mayar da ita inda kika gan ta. Ungo faifan nan ki tsince mini shinkafa." Ta zauna a kan kujerar tsugunno tana tura baki, tana tsintar tana zubar da rabi a ƙasa. Can bayan wani lokaci, ba tare da ta ɗago ba, sai ta ce, "Umma, mai waƙar nan tsoho ne ko?" Na ce me ya sa kika ce haka? Ta ce, "Yana da farin gemu, kuma a zaure yake zaune, irin na gidan Kaka, akwai akuya a kusa da shi." Ban ce mata e ba, ban ce mata a'a ba. Na juya ina motsa miya, gadon asibitin yana nan a gabana kamar kullum. Ta sake cewa, "Umma, mene ne ma'anar abin da ya faɗa yanzu?" Na rage wutar risho na jawo kujera na zauna kusa da ita, na ce ta mayar da shi baya kaɗan mu sake ji.